Sunan da ƙanina ya ajiye lambata da shi

Saƙon ya shigo ne ana saura kamar rabin sa'a a sha ruwa, a cikin azumin 2022, ina zaune a ƙofar gida ina jiran kiran salla. Da Turanci aka rubuta shi, daga wata lamba da ban sani ba, kuma abin da yake cewa shi ne wai ƙanina ɓarawo ne da ya gudu da kuɗin wani kamfani, duk wanda ya san inda yake ya faɗa masa ya biya tun kafin a baza hotonsa a duniya. Na ɗauka irin saƙon 'yan damfara ne, har na kai yatsa zan goge shi, sai ga kiran Kawu daga Fagge. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Kai, me yaron nan ya aikata da har ake aiko mini da takarda a waya? Jikana ne ya karanta mini ita a gaban mutane, na rasa inda zan sa kaina." Kafin a idar da sallar asham saƙon ya riga ya isa wurin limamin masallacinmu, da maigidan da yaron yake yi wa tsaron shago a kasuwa, da kuma mahaifin yarinyar da yake nema, wanda shi ne ya fi komai yi masa ciwo.

Da na tsare shi da daddare, sai ga shi maganar ba ta taka kara ta karya ba. Naira 15,000 ya ranta daga wata manhajar bayar da bashi, aka cire wani abu tun kafin kuɗin su faɗo asusunsa, aka ba shi kwana bakwai, ya ƙara kwana uku a kai bai biya ba. Abin da ya riƙa maimaitawa yana share hawaye shi ne, "Wallahi Yaya, ni ban ba su lambar kowa ba." Kuma bisa iyakar saninsa gaskiya ya faɗa, domin babu inda ya zauna ya rubuta musu lambar Kawu ko ta liman. Lokacin da ya sauke manhajar ta tambaye shi, da Turanci, ko ya yarda ta duba lambobin da ke cikin wayarsa da hotunansa, ya danna inda aka ce ya danna domin sauri yake yi, a cikin 'yan daƙiƙoƙi kuwa sunaye da lambobin mutum sama da ɗari shida suka bar wayarsa suka koma wata kwamfuta da har yau babu wanda ya san inda take a cikinmu.

Tun daga wannan dare nake bibiyar duk wani labari da ya shafi bayanan sirri da dokokin da ake kafa wa kamfanonin fasaha, kuma akwai abu guda da ya tsaya mini a rai wanda ban cika jin ana faɗarsa ba. Kusan duk dokokin nan an gina su ne a kan amincewar mutum ɗaya: an tambaye ka, ka yarda, shi ke nan an fita haƙƙinka. Amma lambobin da ke cikin wayar ƙanina ai ba nasa ba ne. Kawu ya ba shi lambarsa ne don zumunci, liman ya ba shi don sanarwar ɗaurin aure da jana'iza, surukin da bai zama suruki ba ya ba shi don mutunci. Amana ce mutum ɗari shida suka ajiye a aljihunsa, shi kuma ya miƙa ta da dannawa ɗaya, babu wanda aka tambaya a cikinsu. Ni kaina da ban taɓa sauke irin wannan manhaja ba, sunana yana hannunsu.

Wanda ya tashi a cikin birni ya san yadda kakanninmu suka tsara gida. Baƙo yana tsayawa a zaure, wanda ya ɗan fi kusa ya wuce zuwa shigifa, cikin gida kuwa sai muharrami, har ma wasu gidajen a rubuta "ba shiga" a jikin bango don kada wani ya ce bai sani ba. Addini ma ya zo da wannan: a Suratun Nur an hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, a Suratul Hujurati kuma an hana bin diddigin asirin mutane. Mu ne mutanen da addu'ar da ta fi yawa a bakinmu ita ce Allah Ya rufa asiri, mu ne kuma muke cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai ga shi abin da ya fi adakar kakarmu tara asirin gida, wato wayar da ke hannunmu, mun bar shi babu zaure babu shigifa, duk wanda ya yi sallama da Turanci sai mu ce masa bismilla har ƙuryar ɗaki.

Hukuma ba ta naɗe hannu gaba ɗaya ba, wannan kam dole a faɗa. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci wani kamfanin bashi tarar naira miliyan 10 saboda irin wannan tozarci na aika saƙo ga mutanen da ke cikin wayar wanda ake bi bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, daga baya a cikin shekarar ta wajabta musu yin rajista kafin su ci gaba da harka. Abin da ya fi tasiri a ganina shi ne matakin da Google ya ɗauka daga ƙarshen watan Mayun 2023, inda ya hana manhajojin bashi da ke cikin rumbunsa na Play Store neman izinin duba lambobin mutane da hotunansu. Abin lura a nan shi ne ƙa'idar da kamfani guda ya sauya daga Amurka ta toshe ƙofar da samamen jami'anmu bai iya toshewa ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum inda ainihin iko yake a wannan harka.

Sai dai wanda ya san Kano ya san ba kowa ke sauke manhaja daga Play Store ba. Data tana da tsada, don haka abokinka ne zai tura maka ta Xender, ko ka miƙa wayarka ga yaran da ke zaune da kwamfuta a bakin titi su cika maka ita da fina-finai da waƙoƙi da manhajoji a kan 'yan kuɗi kaɗan, ko kuma wani ya jefo maka mahaɗi a zauren WhatsApp ka danna. Manhajar da ta shigo ta wannan hanya ba ta bi ta gaban mai gadin Google ba, saboda haka duk ƙa'idar da ya kafa ba ta hau kanta ba.

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman, NDPC, da Dakta Vincent Olatunji yake jagoranta. Kafin ita abin da ake da shi ƙa'idoji ne da NITDA ta fitar a 2019, waɗanda ba su da ƙarfin dokar da majalisa ta yi. Na zauna na karanta abin da zan iya fahimta a cikinta, kuma a takarda kam ta yi kyau. Ta ba ka damar ka tambayi kamfani ko ma'aikata abin da suka ajiye a kanka, ka sa su gyara kuskure, ka nemi su goge, ka janye amincewar da ka taɓa bayarwa. Ta ce shirun mutum ba amincewa ba ne. Ta wajabta wa wanda aka kutsa cikin rumbunsa aka kwashi bayanan da za su iya cutar da mutane ya sanar da hukuma cikin sa'a 72, ta kuma tanadi tarar da ga manyan kamfanoni za ta iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da suka samu a shekara, duk wanda ya fi yawa. Matsalarta a wurinmu ita ce duk waɗannan haƙƙoƙi sai wanda ya san da su, ya iya rubuta takardar ƙorafi da Turanci, ya kuma san sunan wanda zai kai ƙara. Kawu bai san sunan kamfanin da ya aiko masa da saƙo ba, ni ma da na bincika ban sami adireshin da za a iya zuwa a ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ƙungiyoyi irin su CITAD da ke nan Kano suna ƙoƙarin wayar da kai da harshen da mutane ke ji, amma aikin ya fi ƙarfin ƙungiya ɗaya ko biyu.

Labarin da ya fi ɗaukar hankali shi ne na Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp. Mafarinsa shi ne sanarwar da WhatsApp ya fitar a watan Janairun 2021, cewa ko dai ka amince da sabbin sharuɗɗansa ko ka rasa asusunka, abin da ya sa mutane da yawa, har a zaurukanmu na nan, suka yi ta ƙaura zuwa Telegram da Signal na 'yan makonni kafin su dawo. FCCPC ta buɗe bincike, a watan Yulin 2024 ta ci kamfanin tarar dala miliyan 220, bisa zargin cewa yana sarrafa bayanan 'yan Nijeriya ba da cikakken izininsu ba, kuma yana ba mutanen wasu ƙasashe zaɓin da bai ba mu ba. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kotun musamman da ke sauraron irin waɗannan shari'o'i ta tabbatar da tarar a watan Afrilun 2025, har aka yi ta raɗe-raɗin cewa zai iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar nan. Na tuna yadda hankalin matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin ta Instagram ya tashi a 'yan kwanakin nan, ciki har da matata, domin a wurinsu shafin nan shi ne shagon, babu kuɗin haya babu kuɗin mota zuwa Kwari. A nan ne na gane irin tsaka mai wuyar da muke ciki: muna son a ja wa kamfanin kunne, amma tuwonmu yana cikin tukunyarsa.

Wannan batu na bambanci shi ya fi tsaya mini, domin gaskiya ne kamfanonin nan suna auna kowa da irin sandar da ke hannunsa. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta ta kare bayanai a ranar 25 ga Mayun 2018, wadda ta ba da damar cin tarar da ta kai kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a duk duniya, kuma a 2023 hukumar ƙasar Ailan ta ci Meta tarar yuro biliyan 1.2 a kan tura bayanan Turawa zuwa Amurka. A Amurka ma, bayan badaƙalar kamfanin Cambridge Analytica ta 2018 da ta shafi bayanan mutum kusan miliyan 87, Facebook ya biya dala biliyan 5. Abin da mutane suka manta game da waccan badaƙala shi ne yadda aka kwashi bayanan: 'yan dubban ɗaruruwa ne kawai suka yi amfani da manhajar da aka ɗana, amma ta bi ta kansu ta kwashe na abokansu da ba su san hawa ba balle sauka. Ashe abin da ya sami Kawu a Fagge shi ne dai ya sami miliyoyin Amurkawa, illa dai su suna da hukumar da kamfanin ke jin tsoronta. Har a kan caja an ga wannan ƙarfi, domin dokar Turai ce ta sa Apple ya bar bakin cajarsa ya koma irin wanda sauran wayoyi ke amfani da shi, USB-C, tun daga iPhone 15 a 2023, mu ma da ba mu jefa ƙuri'a a can ba muka ci gajiyar abin a kasuwar Beirut da Farm Centre.

Duk da haka, idan zan faɗi gaskiya, ba ta hannun Meta asirin mutumin Kano ya fi zuba ba. Wata rana da yamma na sayi awara a bakin layinmu, da na warware takardar da aka naɗe ta sai na ga kwafin takardar lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ta wata baiwar Allah ce, ga hotonta, ga cikakken sunanta, ga lambar nan guda goma sha ɗaya ɓaro-ɓaro, mai ya ɗan jiƙa gefe ɗaya amma komai yana karantuwa. Wataƙila neman aiki ta je, ko tallafi, ko rajistar makarantar ɗanta, aka karɓi kwafin aka jibge, daga baya aka sayar da takardun a kilo. Tun daga watan Disambar 2020 da gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, wannan lamba ta zama mabuɗin layin waya da asusun banki da fasfo da jarrabawar JAMB, amma har yau muna miƙa kwafinta ga duk wanda ya tambaya kamar katin gayyatar biki. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta gano shafukan intanet da ke sayar da irin waɗannan bayanai a kan naira 100 kacal, hukumar NIMC mai bayar da NIN kuma ta ce ba a kutsa cikin rumbunta ba. Ko ma ta wace kafa suka fita, naira 100 ko kuɗin adaidaita sahu daga Kabuga zuwa Bata ba su kai ba.

Haka abin yake a wurin mai POS, inda za ka ga dattijo ya miƙa kati ya kuma faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi don yaron ya danna masa, saboda idonsa ba ya ganin madannan. Haka yake a wurin gyaran waya. Kwanakin baya gilashin wayata ya fashe na kai Farm Centre, mai gyaran, wani matashi mai natsuwa, ya ce, "Alhaji, cire mata makulli ka bar ta, ka dawo bayan la'asar." Na ce masa zan zauna in jira a yi a gabana. Ya yi murmushi ya jawo mini benci, yana cikin aikin yake ba ni labarin cewa mafi yawan masu kawo gyara, musamman mata da ake aiko yara da wayoyinsu, a buɗe suke barin komai, hotunan iyali da saƙonni da manhajar banki, kuma abin da ke tsare su kawai tsoron Allah na wanda wayar ta faɗa hannunsa. Wasu wayoyin Samsung suna da wani tsari da ke kulle bayanan mai waya yayin gyara, amma shi kansa ya ce da wuya ya ga wanda ya kunna shi. WhatsApp yana alfahari da cewa tun 2016 yake ɓoye saƙonni ta yadda ko shi kansa ba ya iya karantawa, kuma haka ne, sai dai wannan ɓoyewa tana aiki ne a kan hanya tsakanin waya da waya, ba ta hana wanda ke riƙe da wayar a buɗe karanta komai.

Ban zama malamin wannan fanni ba, amma akwai 'yan abubuwan da na sauya a gidana. Na bi wayoyinmu ɗaya bayan ɗaya na shiga wurin izini na duba manhajojin da ke iya ganin lambobi da hotuna da inda mutum yake, na tarar har da wata manhajar tocila da ke neman sanin lambobin mutane, abin da ya sa na tuna cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Na sa wa WhatsApp ɗin Hajiya lambar tsaro ta biyu, domin satar asusu a tura wa 'yan'uwa saƙon neman kuɗi ta zama ruwan dare. Idan aka nemi kwafin NIN ɗina, nakan rubuta a jikinsa dalilin da na bayar da shi da kwanan wata, wani lokaci ma'aikacin ya dube ni kamar mai neman rigima. Abin da ban iya yi ba shi ne hana wasu bayar da ni. Lambata tana cikin wayoyin ɗaruruwan mutane, ɗalibai da 'yan'uwa da abokan kasuwanci, kowannensu kuma yana iya danna "na yarda" a madadina gobe da safe. Shi ya sa idan ka kira wanda bai san ka ba, Truecaller yakan nuna masa sunan da wasu suka laƙaba maka, ko da kai ba ka taɓa sauke manhajar ba.

Bashin dai mun biya shi washegari, har da abin da suka ɗora a kai na jinkiri. Maganar auren ba ta sake tashi ba, domin mahaifin yarinyar ya ce shi ba don kuɗin ba, don dai ba ya son a riƙa aiko masa da irin wannan takarda. Ƙanina ya sauya layi, ya goge manhajar, yanzu yana da shagonsa na kansa, Kawu ma ya daɗe da hucewa har yana tsokanarsa da "mai kamfani". Manhajar kanta na neme ta a Play Store bara ban same ta ba, ko an cire ta ne ko ta sauya suna. Amma a makon jiya, ina cikin adaidaita sahu a kan titin Zariya, saƙo ya shigo daga wata sabuwar lamba yana yi mini albishir cewa na cancanci rancen naira 50,000 cikin minti biyar ba tare da jingina ba. A farkon saƙon, inda ake sa sunan mutum, an rubuta "Yaya Babba", wanda babu mai kirana da shi a duniya sai mutum ɗaya, kuma da shi ya ajiye lambata a tsohuwar wayarsa.